Liyafar da ba a ci komai ba: na je na ga teburin Judy Chicago

Ƙanwata ce ta matsa mini. Kwana huɗu kacal zan yi a New York, niyyata in huta, sai ta ce, "Yaya, ke da ba kya gajiya da zare da allura, sai kin ga teburin nan kafin ki tafi." Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2, muka sauka a tashar Eastern Parkway, daidai ƙofar gidan tarihin Brooklyn. Hawa na huɗu muka nufa, inda aka girke aikin mai fasahar Amurka Judy Chicago da ake kira The Dinner Party, wato liyafar cin abincin dare.

Ɗakin da ɗan duhu, don haske mai ƙarfi yana cinye launin ƙyalle. Da idona ya saba sai ga tebur mai kusurwa uku, kowane gefe ƙafa 48, an shirya wa mata 39 wurin zama, 13 a kowane gefe. Kowacce da farantin tangaran, da kofi, da cokula, da ƙyallen da aka shimfiɗa mata ɗauke da sunanta. Kujera babu, abinci babu. A ƙasa kuma, kan fararen tayil sama da 2,300, an rubuta sunayen wasu mata 999 da ruwan zinare. Ana farawa daga allolin mutanen da, a bi ta kan Hatshepsut ta Masar da Hypatia ta Iskandariya, a ƙare kan mai zane Georgia O'Keeffe.

Gara in faɗi abin da kowa ke raɗa a kai tun da wuri. Yawancin farantan an zana su ne da siffar da ta haɗa malam-buɗe-littafi da gaban mace, kuma kina ƙara gaba siffar na ƙara tasowa daga cikin farantin, alamar mata na yunƙurin miƙewa. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, musamman da yake tare nake da ƙanwata. Kan waɗannan farantan aka yi ta tayar da jijiyoyin wuya tun da aka fara nuna aikin a San Francisco a 1979. A 1990 ma, da aka so ba wata jami'a a Washington kyautarsa, sai da maganar ta kai zauren majalisar wakilan Amurka, wasu 'yan majalisa suka kira shi batsa, kyautar ta wargaje. Ya daɗe a cikin akwatuna kafin gidauniyar Elizabeth Sackler ta saye shi ta ba gidan tarihin nan a 2002, aka buɗe masa ɗakinsa a 2007.

Ni dai a ganina masu faɗan sun bar jaki suna dukan taiki. Aikin gaske yana kan ƙyallayen.

Na fi minti goma a gaban wurin Ethel Smyth, mawaƙiyar Ingila da aka ɗaure a 1912 saboda fafutukar ba mata 'yancin zaɓe. Farantinta fiyano ne. Ƙyallenta kuwa kwat ce irin wadda take sawa, an baje ta kamar tela ya yanka bai haɗa ba. Duk wadda ta taɓa riƙe almakashi za ta gane hannun da ya yi wannan ya san sana'arsa. Ƙyallen Mary Wollstonecraft, marubuciyar Ingila mai kare haƙƙin mata, ya fi tsaya mini a rai. Ta gaba kin ga kyakkyawan surfani mai tudu-tudu. Amma ƙyallen yana zubowa ta bayan tebur, sai kin zagaya ɗaya gefen kin hango shi daga nesa: ga ta kwance kan gadon haihuwa, inda ta rasu a 1797, kwanaki kaɗan bayan ta haifi 'yarta. Ba don ƙanwata ta ja hannuna ta nuna mini ba, da na wuce ban sani ba. Kowane ƙyalle an yi ƙoƙarin ɗinka shi da salon zamanin mai shi, abin da ke nufin sai da aka zauna aka koyi ɗinke-ɗinken da aka daɗe da barin su.

Sai da na ga wannan na fahimci Judy Chicago kanta. An haife ta a Chicago a 1939 da suna Judith Cohen. Mahaifinta ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ya rasu tana da shekara 13. Ta yi karatun zane a jami'ar UCLA da ke Los Angeles, mijinta na fari ya mutu a haɗarin mota a 1963. A lokacin, fagen fasaha a Los Angeles na maza ne, ita kuma ta ce ba za a bar ta a baya ba: ta shiga makarantar fentin mota ta koyi feshi, ta koyi harhaɗa wasan wuta. Da wannan ilimin ta riƙa fita sahara da bakin teku a Kalifoniya tana tayar da hayaƙi mai launi, wani lokaci da mata da aka shafe jikinsu da fenti a tsakiyarsa, aikin da iska ke kwashewa cikin mintuna, sai hoto ya rage. A 1970 ta ajiye sunan uba da na miji ta ɗauki sunan garinsu, ta kuma kafa shirin koyar da fasaha na mata zalla a Fresno, irinsa na farko a Amurka. A 1972 ita da Miriam Schapiro da ɗalibansu suka gyara wani tsohon gida a Hollywood, suka mai da kowane ɗaki aikin fasaha kan rayuwar matar gida, suka kira shi Womanhouse. To matar da ta koyi sana'ar maza don a ɗauke ta da daraja, ita ce ta juyo ta ɗauki surfani da zanen tangaran, waɗanda ake rainawa a matsayin abin kashe lokacin mata, ta kai su inda ake rataye manyan zane-zane.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Shekara biyar aka yi ana aikin, daga 1974, da hannun mutum kusan 400, galibinsu mata 'yan sa-kai. An yi allunan godiya da sunayensu, gaskiya ne, amma a bakin duniya suna ɗaya ake kira. Aikin da aka yi don a tuna da matan da tarihi ya manta, ga shi kina tsaye gaban ɗinki ba ki san yatsun wa allura ta soka ba.

Na biyu shi ne wurin Sojourner Truth, mai fafutukar yaƙi da bauta, wadda aka haifa cikin bauta a jihar New York, ita ma ta sauya wa kanta suna a 1843. Ita kaɗai ce baƙar fatar Amurka a teburin, kuma farantinta ya fita daban: fuskoki uku, ɗaya na kuka, ɗaya ta ɗaga dunƙulallen hannu cikin fushi, ta tsakiya kamar abin rufe fuska. Yana da kyau ƙwarai. Sai dai marubuciya Alice Walker ta tambaya tun a lokacin, me ya sa ita ba a nuna ta da irin siffar sauran ba. Ni abin da ya fi damuna ƙidaya ce. Teburin ya kira kansa tarihin matan yammacin duniya, amma ko a hakan wuri ɗaya ga baƙar fatar Amurka ya yi kaɗan.

Awa ɗaya da rabi muka yi, kuma bai ishe ni ba. Sunayen ƙasa ba duka ake iya karantawa daga inda ake tsayawa ba, sai a nemi allunan tarihi da ke bayanin su. Wadda za ta je da yara ta san da zancen farantan tukuna. In da hali a zagaya sau biyu, zagaye na biyun a ɗauke ido daga faranti a riƙa hango bayan ƙyallayen da ke ɗaya gefen.