Kwangila ko hannun hukuma: amsa ga tambayar Alhaji

Alhaji, ka tambaya a zauren nan cewa tunda kullum sai an ji gwamnatin Saudiyya ta miƙa wannan aiki ko wancan ga kamfani, wanne ya fi wa talaka, hukuma ta riƙe kayanta ko ta ba 'yan kwangila? Ka ƙara da cewa tsoronka kada a wayi gari ko igama, wato katin izinin zama, sai an je wurin ɗan kasuwa. Ni dai a ganina ba a yi wa ayyukan nan kuɗin goro. Akwai wanda kamfani ya fi iyawa, akwai wanda ba ya halatta ya fita daga hannun hukuma, kuma sau da yawa za ka same su a wuri guda, kafaɗa da kafaɗa.

Ɗauki hatsarin mota. Biyu sun yi karo a titin Sittin, babu wanda ya ji rauni, akwai ta'amin, wato inshora. Wa ake kira? Najm. Kamfani ne da aka kafa a 2007, ba 'yan sanda ba. Ma'aikacinsu zai zo ya ɗauki hotuna, ya saurari kowa, ya rubuta wane laifinsa ɗari bisa ɗari, ko wane 75 wane 25, a buɗe hanya kowa ya kama gabansa. To amma da zarar an ga jini, ko an rasa rai, Najm ba shi da ta cewa, sai murur, wato 'yan sandan hanya. Kamfani yana auna lotsewar ƙarfe, wanda kuɗi ke gyarawa. Tsare mutum da kai shi gaban alƙali kuwa na mai kaki ne. Sai dai akwai abin lura a nan: kamfanonin inshora ne suka mallaki Najm, wato masu biyan diyya su ne iyayen gidan mai raba laifi. Shi ya sa ƙofar ƙorafi zuwa murur da kotu ta zama dole ta kasance a buɗe. In aka rufe ta, kura ce aka ba ajiyar nama.

Haka abin yake a filin jirgin Madina. A 2011 aka ba gamayyar kamfanoni mai suna Tibah, ciki har da TAV na Turkiyya, su gina sabon filin su gudanar da shi shekara 25, aka buɗe shi a 2015. Ginin mallakar gwamnati ne, su gudanarwa kawai aka ba su. Duk wanda ya sauka can ya ga tsafta, ya ga kaya suna fitowa, sanyi yana aiki. Amma mutumin da ke zaune a kanta yana duba fasfo, yana ɗaukar basma, wato zanen yatsu, jami'in jawazat ne, hukumar shige da fice. Ko a Najeriya mai neman biza yana kai takardunsa da yatsunsa ofishin kamfanin da aka ba wannan aiki, amma "an ba ka" ko "an hana ka" daga ofishin jakadanci take fitowa. Igama ma haka: manhajar Muqeem da kamfanoni ke sabunta wa ma'aikatansu takardu da ita kamfanin Elm ne ya gina ta, hukuncin zama ko tarhil, wato kora daga ƙasa, kuwa yana wurin jawazat. Don haka tsoronka, Alhaji, bai kai nan ba tukuna.

Abin da ya raba aikin kamfani da na hukuma, na farko, shi ne ƙirge. Shara ana ganinta: ko baladiyya, wato hukumar gari, ta tarar an kwashe kwandon unguwa ko ba a kwashe ba. Wankin ƙoda ma ana iya ƙirga shi, sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, ga gwajin jini da ke nuna ko an yi da kyau. Shi ya sa tun wajen 2013 da 2014 Ma'aikatar Lafiya ta ba Diaverum na Suwidin da DaVita na Amurka wannan aiki, ita tana biya, su suna wankewa. To da me za ka ƙirga adalcin alƙali? In ka ce a biya kamfani bisa yawan shari'un da ya yanke, zai yanke da yawa kuwa, Allah kaɗai ya san yadda. In ka biya shi bisa yawan wanda ya kama ba igama, ranar nan ko mai igama a aljihu sai ya kwana a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa. Ingila ta gwada wani abu mai kama da wannan a 2014, ta ba kamfanoni aikin sa ido kan masu laifin da aka saki, abin ya ƙi, a 2021 gwamnati ta karɓe kayanta.

Na biyu, in ɗan kwangila ya gaza, ana iya sallamarsa gobe a kawo wani? Mai shara, e. Mai dafa abincin asibiti, e. Mai ruwa fa? Nan ne abin ya fi wuya, kuma nan na fi son mu tsaya. Ruwan da muke sha a Makka da Jidda da Ɗa'if mafi yawansa daga teku aka tace shi, kuma wani babban kaso yana fitowa daga Shu'aiba, inda kamfanoni masu zaman kansu irin su ACWA Power suke da tashoshi. Ba a canja irin wannan tasha kamar riga. Dabarar da aka yi ita ce kamfani ya tace, amma ba ya sayar wa ni da kai. Hukuma ce kaɗai mai saye, a kan farashin da aka rubuta na shekaru masu yawa, ita kuma take yanke abin da magidanci zai biya. Amfanin haka ya fito a 2016. Da aka ƙara kuɗin ruwa, mutane suka ga takardun biya sun yi tashin gwauron zabi, aka yi ta kuka, a watan Afrilu Sarki Salman ya sauke ministan ruwa. Da farashin yana hannun kamfani mai yarjejeniyar shekara ashirin, wa za a sauke?

Fulawa ma kusan haka aka yi mata. An sayar da kamfanonin niƙa guda huɗu a 2020 da 2021, gwamnati ta ci gaba da riƙe alkama da tallafinta, shi ya sa mai gasa burodin tamis bai tashi da sabon farashi washegari ba.

Asibitoci kuwa suna tsaka-tsaki. Gwaje-gwaje, hoto, wanki, girki, gyaran na'urori, duk ana iya bayarwa. Yanke wa za a karɓa a gaggawa da wa za a ce ya koma gida, wannan ba na son ya dogara da lissafin riba, musamman ga irinmu da da yawa ba su da katin ta'amin mai ƙarfi.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabon kwangila ba su cika faɗa ba, mu kuwa mun san shi domin 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu ne ke cikin rigar aikin. In an ce kamfani ya fi araha, a tambaya daga ina arahar ta fito. Wani lokaci daga iya tsari ne, gaskiya. Wani lokaci kuwa daga albashin mai riƙe da tsintsiya ne, wanda ke tsaye a rana a bakin sigina da rigarsa mai ɗaukar ido, yana jiran wani ya sauke gilashi ya miƙo masa riyal biyar. Kamfanin Saudi Oger a da babban ɗan kwangilar gwamnati ne, har yana cikin gamayyar da ta gina filin jirgin Madina. A 2016 dubban ma'aikatansa suka yi watanni ba albashi, har sai da ofishin jakadancin Indiya a Jidda ya riƙa kai wa mutanensa abinci a sansanoninsu, kafin kamfanin ya rufe a 2017. Filin jirgin bai tsaya ko na yini ɗaya ba, domin akwai sauran abokan tarayya kuma ginin na hukuma ne. Ma'aikatan ne suka sha wuyar. Tsarin kare albashi da ke tilasta biya ta banki yana nan tun 2013, amma bai hana wannan faruwa ba, domin ganin ba a biya ba daban, samo kuɗin biyan daban. Saboda haka ko aikin da ya fi kowane dacewa da kwangila, irin shara da goge-goge, ina ganin sai hukuma ta riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila a hannunta, wanda in ya gaza za ta biya ma'aikata kai tsaye, kuma ta ajiye nata ma'aikatan da suka san aikin sosai, masu zuwa unguwa da ƙafarsu su duba, ba masu sa hannu a takarda daga ofis ba.