Abin sha mai tsami a Legas: wanne za ka saya?

Zafin Legas na gumi ne, ko a inuwa kake zaune sai riga ta manne maka a baya, shi ya sa maƙogwaro ke neman abu mai ɗan tsami fiye da lemon kwalba mai zaƙi zalla. A cikin abubuwan da ake sayarwa, ni dai zoɓo nake fara nema.

Zoɓon kirki daga busasshen fure mai duhu yake farawa, ja wur har ya doshi baƙi, irin wanda ake tarawa a kasuwar Maigatari ta Jigawa ana fitar da shi har Meksiko. A Mile 12 da Agege za ka same shi ana aunawa. Idan hannun da ya iya ne ya dafa shi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, kurɓar farko tsamin zai kama gefen harshe, yajin citta ya biyo baya a maƙogwaro, ƙamshin kanumfari ya tsaya a hanci. Sukari kaɗan yake so. Wasu na jefa kanwa don ta kashe tsamin, ni kuwa a ganina sun kashe zoɓon ne gaba ɗaya.

Ruwan tsamiya ba laifi, sai dai a nan yawanci tsinkakke ne. Fayrouz zaƙi ne kawai da gas. Chapman kuma, haɗin lemon nan ja, ka tambaya kafin ka sha, domin ana ɗiga masa Angostura, wani ruwa mai ɗaci wanda kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ce.

Akwai wani abin sha da ya kamata 'yan uwa su sani, musamman masu shiga manyan kantunan Lekki da Victoria Island. Za ka ga gwangwani mai hoton mangwaro ko wani ɗan itace, ka ɗauka lemo ne, alhali giya ce mai tsami. Da sha'ir da alkama ake yin ta, a tsamar da ita da irin ƙwayoyin da ke tsamar da nono, sannan a zuba 'ya'yan itace. Berliner Weisse ta Jamus da kriek ta Beljiyam duk danginta ne. Ba ta da ɗacin da aka san giya da shi, shi ya sa take yaudarar baki. Duba jikin gwangwanin: in ka ga ABV da lamba a gefensa, adadin barasar ke nan. Ko 0.5 aka rubuta akwai ta, 0.0 ne babu.

Amma babbar cutar tana wajen masu zoɓon bogi. Wata gora da aka miƙo mini ta taga a cunkoson mota ta kwantar da ni da gudawa, tun daga nan nake duba abu kafin in kai baki. Suna tsinka zoɓo da ruwan da ba a san asalinsa ba, su zuba kala don ya yi ja, su sa sakarin maimakon sukari. Sakarin na barin ɗaci a bayan harshe bayan ka haɗiye. Kala kuwa a gida ake kama ta: ɗiga ruwan kanwa a cikin cokali ɗaya na zoɓon, na gaskiya zai rikiɗe ya yi duhu nan take, mai kala zai tsaya yadda yake.

Gorar ma abar dubawa ce. Da yawa tsintattu ne, murfinsu a sake, ba hatimi. Idan ta kumbura, ko ta yi huci da ka buɗe, zoɓon ya kwana a zafi ya fara tashi, zubar da shi. Na kamfani ka nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na gida kuwa ka saya wajen matar da unguwa ta san ƙofar gidanta, kuma ka tambaye ta yaushe ta dafa.