Kwana biyu a ƙasar Kabi: Argungu ko Gwandu, lokacin biki ko bayansa?

Duk wanda ya ce zai leƙa ƙasar Kabi da kwana biyu kacal a hannu, abin da zai fara yankewa shi ne lokacin zuwa, domin a kansa kuɗin masauki da na mota da na tsaraba duk suka rataya.

Yawancin mutane bikin kamun kifi na Argungu ke jan su. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garin bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake alkintawa. Ana harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, cikin kamar awa guda a fara jan giwan ruwa zuwa sikeli. Kafin ranar kuma ga kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwa da hannu, ga dambe da kokawa a tudu. Babu inda za ka ga irin wannan. To amma ka san abin da kake saye. Ɗakuna na ƙarewa tun da sauran makonni, farashin komai na tashi, kuma in ba ka samu gurbi a rumfa ko bakin gaɓa da sassafe ba, ƙeyar mutane da ƙura za ka kalla ka dawo. Bikin ma ba kowace shekara yake zuwa ba. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Saboda haka kada ka ba kowa kafin alƙalami sai gwamnatin jiha ta sanar da rana, wadda ta saba faɗowa cikin Fabrairu ko Maris.

Mai tafiya da iyali, ko da dattijo, ni dai shawarata ya bar bikin ga samari masu ƙarfin turereniya, ya je tsakanin Nuwamba da Janairu. Sanyi ya sauko, an yanke shinkafar damina, ruwa ya fara ja, kifi ya yawaita a kasuwa. Abin da zai rasa shi ne kamun kifi a Matan Fada, don an hana kamu a wurin sai ranar biki. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu kuwa zafin yankin ba na yawon buɗe ido ba ne.

Sai batun gari. Argungu da Gwandu kowanne bai kai tafiyar rabin yini daga Birnin Kebbi ba, amma abin da suke bayarwa ya sha bamban. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Ginin shi ne fadar sarki har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma a cikinsa ake binne sarakunan Kabi. Za ka ga takubba, masu, kwari da baka, tsofaffin bindigogi, tambura, layu da kayan kamun kifi. Kayan ba su da dogon bayani a jikinsu, don haka armashin ziyarar yana bakin mai zagayawa da kai. Kada ka yi masa gaggawa, ka tambaye shi yadda Kabawa suka baro Birnin Kebbi bayan 1805 har suka kafu a nan, kuma in kun gama ka ba shi na goro da hannu sake. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, musamman wajen kaburbura.

Gwandu kuwa ta mai ziyara ce da ɗalibin ilimi. Can hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu, wanda ya riƙe yammacin daular Sakkwato daga nan. Awa biyu sun ishe ka, kuma ba wurin sayayya ba ne. Fadar Sarkin Gwandu ma a Birnin Kebbi take yanzu. In dole ɗaya za ka ɗauka, kuma da yara kake, Argungu ce. Kufan Surame, tsohon birnin Kanta, yana cikin jihar Sakkwato a yau, kada ka cusa shi cikin kwana biyu.

Masauki: Birnin Kebbi ta fi yawan otal-otal tun da ta zama hedikwatar jiha a 1991, filin jirgin sama ma yana kusa da ita, kuma daga nan zuwa Argungu kamar awa ɗaya ce. Kwana a Argungu yana ba ka damar isa bakin ruwa da kasuwar kifi da safe, sai dai zaɓin ɗaki kaɗan ne. Ko ina ka sauka, kafin ka biya ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta, ko akwai sola, ka buɗe famfo ka gani da idonka. Ƙasar fadama ce, ka taho da gidan sauronka. Mutum ɗaya ko biyu motar tasha da kabu-kabu sun wadatar. In kun kai huɗu, shatar mota ta yini ta fi sauƙi idan an raba, a kuma yi ciniki har da jira. Tafiyar dare dai a bar ta, a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi.

Wajen abinci, kada ka yi wannan doguwar tafiya ka ƙare da soyayyar shinkafar otal wadda ka baro a garinku. Nemi inda ma'aikata da direbobi ke cin rana, ka sa a zuba maka tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Giwan ruwa ya fi tsoka da ƙarancin ƙaya, shi ya dace da yara, amma ya fi tsada. Tarwaɗa ta fi maiƙo, ita ce ta farfesu. Karfasa a soye ta fi daɗi, ga araha, sai dai ƙaya. Fura da nono da hantsi, balangu bayan magariba.

A tsaraba ne kuɗi ke zurarewa. Ɗanyen kifi ba na mai nisa ba ne sai in yana da kular sanyi da ƙanƙara, kuma tafiyar ba ta wuce yini ba. Kifin banda shi ne na matafiyi, amma a nan ake cutar baƙo. Ɗauki ɗaya ka karya: in ya karye ƙwas, cikinsa a bushe, ya yi, in ya lanƙwashe, da sauran ruwa, kafin mako zai yi fumfuna. Duba ƙasan kwandon, garin da ya zuba alamar ƙwari ce. Ka kuma shinshina, don akwai masu yayyafa fiya-fiya saboda ƙuda. Ƙamshin hayaƙi kaɗai ya kamata ka ji. Kada ka sayi kwandon da aka ɗaure ba tare da an zazzage maka shi ba, manyan a sama ake jera su.

Shinkafa iri biyu za ka tarar. Ta kamfani, irin ta WACOT da ke Argungu ko Labana da ke Birnin Kebbi, tana zuwa a tsaftace cikin buhu mai kilo 50, amma ita ce dai ake kaiwa kasuwar garinku, in ka haɗa da kuɗin lodi ribar ba ta taka kara ta karya ba. 'Yar gida da mata ke turarawa ana auna ta da mudu, ta fi sauƙin kuɗi, ta fi kama tuwo da masa. Ɗebo a tafin hannu daga tsakiyar buhu ka duba tsakuwa da yawan karyayya, ka ciza ƙwaya ɗaya ka ji ko ta bushe. Wanda hanyarsa ta komawa ta bi ta Jega ya rage wuri a bayan mota saboda albasar Aliero, ya zaɓi mai busasshen wuya, kuma kada ya haɗa ta buhu ɗaya da kifin.