Tsire, balangu, kilishi ko dambu: yadda ake zaɓen nama a Kano kafin a miƙa kuɗi

Mai neman gasasshen nama a Kano ba ya rasa inda za shi. Da la'asar ta yi sakaliya hayaƙi zai fara tashi a Fagge, da Titin Gidan Zoo, da Sabon Gari, da bakin kusan kowace tasha, ga kuma masu kilishin Agadasawa da tun hantsi namansu ke shan rana. Abin da ke sa mutum ya yi asarar kuɗinsa shi ne rashin tambayar kansa abu guda kafin ya fita: yaushe za a ci naman nan? Na ci yanzu daban, na kai wa iyali bayan awa biyu daban, na tsarabar da za ta kwana uku a hanya kuma daban. Kowanne daga cikin tsire, balangu, kilishi da dambu yana da iyakar lokacin da yake ɗauka tsakanin wuta da baki, kuma wannan iyakar ce ta kamata ta yi maka zaɓi kafin maganar farashi.

Tsire shi ne mafi gajeren rai. Ana yanka naman falle-falle, a soka a tsinke, a turbuɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta, barkono, gishiri da ɗunkulen magi, a yayyafa man gyaɗa, sannan a kafa tsinkayen a kewayen wuta a kan tukuba. Zafin garwashi ke gasa shi daga gefe, harshen wuta ba ya taɓa shi, shi ya sa tsiren tukuba ke fita ja-ja-wur ba tare da baƙin ƙuna ba. Wanda aka ɗora a kan waya ya fi saurin nuna, amma mai na ɗiga cikin wuta, wuta ta tashi ta lashe ƙulin, sai ka ji ɗaci-ɗaci.

Idan ka tsaya gaban mai tsire, dubi ɗanyen da ke kan tire kafin ka dubi gasasshen. Naman sa na yau ja ne mai haske, kitsensa fari ko ruwan madara. Wanda ya yi duhu, gefensa ya bushe ya murɗe, ya daɗe a waje. Kwantan jiya kuwa ana gane shi a baki: an sake shafa masa mai an mayar da shi wuta, don haka waje yana da maiƙo, ciki a bushe, ƙulin kuma ya yi taurin ɓawo. Karɓi ɗanɗano, al'ada ce, babu mai naman kirki da zai hana ka. Sannan ka lura da kaurin ƙulin. Wasu suna lafta shi ne don tsinke ya cika ido, in ka karkaɗe sai ka ga naman bai kai kaurin ganye ba, ga kitse an jera tsakanin kowace yanka biyu. Gara ka zaɓi ɗanyun tsinkaye da kanka, ka jira minti goma sha biyar zuwa ashirin a gasa a gabanka. Tsire ba ya son tafiya. Da an ƙunshe shi da zafinsa a leda, tururi zai jiƙa ƙulin ya koma kamar kunu. In dole ne a kai gida, a naɗe shi a farar takarda ko ruwan ƙasa marar rubutu, albasa da tumatir da kabeji a ƙulla su daban. Tsohuwar jarida ba abin naɗe nama ba ce, domin mai da zafi suna narkar da tawadar ta shiga abinci.

Balangu ya fi dacewa da wanda yake son ya ji naman kansa, tunda babu ƙulin da zai rufe aibi. Manyan yanka ake ɗorawa a kan waya da gishiri da ɗan mai, sai an saya a daddatsa a barbaɗa yaji. A nan sunan dabba da sashen jiki ne ciniki. Na rago ya fi taushi da ƙamshi, ya kuma fi tsada, amma kitsensa yana daskarewa da zarar ya huce, har ya manne a dasashi, don haka na ci nan take ne. Na akuya ba shi da kitse sosai, yana saurin bushewa in ya daɗe a wuta. Na sa ya fi jure ɗumame. Awaza da ƙirji sun fi romo da daɗi, sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka auna maka ƙashi ne da guringuntsi. Cinya tsoka ce zalla, ta fi auki, ta kuma fi tauri. Tozo kuwa ɗan kaɗan ake haɗawa da tsoka don ya sa mata maiƙo; wanda ya sayi tozo zalla ba zai iya cinye shi ba. Hanta da ƙoda su ne suka fi saurin lalacewa a cikin kayan, kada ka karɓi wadda ba a gabanka ta nuna ba.

Akwai kuma balangun da ake tarawa a takarda ko tire da albasa da attaruhu a rufe a gefen wuta ya turara cikin romonsa. Shi ne ya fi dacewa da tsofaffi da yara, shi ne kuma ya fi jure tafiyar awa ɗaya. Illarsa ita ce ba ka ganin asalin yankan, saboda haka a wurin wanda ka yarda da shi kaɗai ake sayensa.

Ga duk gasasshen nama, har da kaza da zabo, ƙa'idar masana lafiyar abinci ɗaya ce: kada ya wuce awa biyu a ajiye bayan ya bar wuta, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai 40, don haka naman da aka saya da azahar aka bari a but ɗin mota har magariba ya riga ya zama abin tsoro ko da bai yi wari ba. Kaza kuma a sa mai gashi ya tsaga gindin cinya. In ruwan da ya fito ja ne ko akwai jini a jikin ƙashi, a mayar da ita wuta.

Kilishi ne ya cancanci a daɗe ana dubawa, domin shi ne mafi tsada, shi ne kuma aka fi yi wa ha'inci. Tsadarsa tana da dalili. Tsokar sa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kuma aikin kilishi shi ne korar ruwan nan. Ana zaɓar tsokar cinya marar kitse da jijiya, a yanyana ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa kamar tabarma, a shanya a kan gadon kara. In ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da ruwa, da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, gishiri, wasu har da ɗan sukari. A sake shanyawa, daga ƙarshe a gasa na 'yan mintuna a kan garwashi. Kilo uku na ɗanyen nama da ƙyar yake ba da abin da ya ɗara kilo ɗaya na kilishi, har da nauyin labun. Saboda haka in ka ga kilishi yana neman yin kunnen doki da ɗanyen nama a farashi, to gyaɗa ce aka sayar maka.

Ɗauki falle ɗaya ka ɗaga shi saitin haske. Mai kyau za ka ga zaren nama yana bin hanya ɗaya a ƙarƙashin labun. Lanƙwasa shi: ya kamata ya ɗan ba da kai sannan ya yage bisa zarensa. In ya karye ƙaras kamar ƙuli-ƙuli yana zubar da gari, ko dai labu ya fi nama yawa ko an ƙona shi a gashi. In ya lanƙwasu kamar fata yana da danshi a hannu, bai gama bushewa ba, kuma ba zai yi mako bai yi fumfuna ba. Wannan matsalar ta fi yawa da damina, musamman a Agusta, lokacin da rana ba ta samuwa yadda ake so. Na hunturu ya fi bushewa sarai, amma shi kuma ƙura ce abokiyar gabarsa. Tauna kaɗan a hankali, in ka ji ƙasa a haƙori ka san a bakin titi aka shanya shi ba rufi. Shinshina kuma. Man gyaɗar da ke cikin labu yana tsufa, kuma tsohon kilishi yana da wani wari irin na man da ya daɗe a galan, da maƙaƙi a maƙogwaro. Ɗaci kuwa yakan nuna an yi tunkuzar da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ita ce kuma ke ɗauke da gubar nan ta fumfuna da ke lahanta hanta, wadda gashi ba ya kashe ta. Irin wannan ba a yi masa tayi ma.

Jan kilishi da fari ba su bambanta a daraja ba. Jan, kala ce ake ƙarawa, sau da yawa kuma ya fi yaji; farin ya fi dacewa da yara da masu gyambon ciki. Masu kilishin Nijar, irin na Madawa, suna da wani nau'i na uku da suke kira rumuzu, wanda ba a lafta masa labu, sai mai da gishiri da kayan ƙamshi, kuma in ka same shi za ka gane ainihin ɗanɗanon busasshen nama. Ana yanka raƙuma a Kano, namansu kuma halal ne mai kyau, amma ya kamata ka san abin da kake biya, don haka tambayi mai kilishi kai tsaye na wace dabba ne. Sayen awo a sikeli ya fi sayen falle, tunda faɗi ba nauyi ba ne. Na cikin leda mai hatimi da ake sayarwa a manyan kantuna da filin jirgi ya fi tsabtar gani, amma ba ka da damar ɗanɗanawa; duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar da aka yi shi, ka kuma duba ko akwai gumi a cikin ledar. Busasshen kilishi da aka bari ya huce, aka naɗe a takarda aka ajiye inda iska ke shiga, yana yin watanni. Mai tafiya Ingila, Amurka ko ƙasashen Tarayyar Turai kuwa kada ya wahalar da kansa: dokarsu ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama, busasshe ko ɗanye, kuma ƙwacewa ake yi a filin jirgi.

Dambun nama yana tsakiya: ya fi gashi daɗewa, bai kai kilishi ba, ya kuma fi shi sauƙin ci ga ɗalibin makarantar kwana, da mai jego, da tsohon da haƙora suka yi wa ƙaranci. Ana dafa nama da albasa, citta, tafarnuwa da attaruhu har ruwan ya tsotse, a daka a turmi ya warware, a soya a wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe. Yanzu mata da yawa a Kano suna yin sa a gida suna tallatawa ta WhatsApp da Instagram, kuma nasu sau da yawa ya fi na kasuwa tsabta. Ha'incin dambu mai ne, domin mai yana ƙara nauyi. Ɗebi kaɗan ka matse a farar takarda: ɗan tabo ba laifi, amma in takardar ta jiƙe sharkaf, rabin kuɗinka na mai ne. Mai kyau yana warwatse kamar auduga, ba ya dunƙulewa. Wanda ya yi laushi da damshi ba a gama soya shi ba, kwana uku zai yi tsami. Na kaza ya fi laushi da haske, na sa ya fi daɗewa. A roba mai murfi, da busasshen cokali, soyayyen dambu yana kai mako uku zuwa huɗu; jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya ya isa ya ɓata robar duka.

Ga mai taron suna, walima ko ɗaurin aure, lissafin ya sauya. In da gurasa ko masa a gefe, giram 150 zuwa 200 na gasasshen nama ya ishi baƙo ɗaya, kuma nama yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a wuta, wato kilo ɗaya na tsoka mutum huɗu ne. Ragon da ya kai kilo 40 da ransa, bayan fiɗa ba ya wuce rabin haka, in aka cire ƙashi da abin da wuta ta ci sai a tashi da wajen kilo 10, abincin mutum hamsin ke nan. Hanya mafi araha ita ce ka je Abbatuwa, mayankar dabbobi ta Kano, da sassafe tare da wanda ya san nama, ka saya da kanka, ka biya mai gashi kuɗin aikinsa da na gawayi da yaji. Ba wa mai nama kwangila gaba ɗaya ya fi sauƙi, amma a yi magana a kan kilo da sashen jiki, ba a kan "tire biyar" ba, domin tire ba shi da ma'auni. A ba da kafin alƙalami, ragowar sai kaya sun iso. Mafi muhimmanci, a sa mai gashi ya kawo wayarsa da gawayinsa wurin taron ya riƙa fitarwa kashi-kashi. Ɗaurin auren da aka sa ƙarfe sha ɗaya yakan kai azahar ba a fara ci ba, kuma naman da aka gasa tun takwas aka rufe a kula ya riga ya wuce awanninsa biyu kafin baƙon farko ya wanke hannu.