Kafin dikoda ko rifitar oba-oba, a fara duba wayar eriya

Da zarar an gama girbi, riɗi da gyaɗa sun shiga kasuwa, aikina yake yawaita. Na daɗe ina ɗaura dish da eriya a ƙauyukan da ke tsakanin Wudil, Gaya da Ringim, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake kawo mini: wace dikoda ce ta fi kama tashoshi? Kwanakin baya wani kawuna ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da talabijin mai faɗi da dikoda sabuwa fil, sannan ya miƙo mini wata farar waya siririya da mai shago ya ba shi gyara. Na ce, "Kawu, wannan wayar ba za ta ga ƙarshen damina ba." Ya ce, "Haba ɗana, waya ai waya ce." Na sha jin wannan magana, kuma ita ke cinye kuɗin mutanenmu ba su sani ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata kafin ya hau motar birni.

Shawarar farko a tsakar gida ake yanke ta, tun ba a je kasuwa ba. Daga ina hoton zai zo, daga hasumiyar tasha da ke kafe a ƙasa ko daga tauraron ɗan'adam? Waɗanda suka yi kallon CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, za su tuna cewa a da ko sigina ya yi rauni ana ganin mutum cikin yayyafi, ana kuma jin maganarsa. Dijital ba ya yin wannan alfarmar. Ko hoto ya fito tas, ko ya daddatse ya tsaya cak. Najeriya ta fara sauyawa zuwa dijital a Jos a 2016, Kano ta shiga sahu a 2021 da tsarin FreeTV ƙarƙashin kulawar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ga kuma StarTimes da GOtv da ake biya wata-wata. Duk waɗannan na ƙasa tsarin DVB-T2 suke bi, don haka sai an ga wannan rubutun a jikin kwalin. Talabijin ɗin gwanjo da ya fito daga Amurka tsarinsa daban ne, tsofaffin na Turai kuma da yawa DVB-T kawai suke da shi, babu 2 ɗin a ƙarshe, dole sai an haɗa musu da dikoda.

Siginar hasumiya kusan a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, doron ƙasa kuma yana tare ta. A ce hasumiyar tasha tsawonta mita 100 ne, tana hango wajen kilomita 41. Eriyarka da ke kan bututu mai mita 9 tana ƙara kamar kilomita 12. Wanda ya wuce jimillar wannan nisan, ko dutse ya shiga tsakaninsa da tashar kamar yadda ake gani wajen Dutse da Kazaure, kada ya wahalar da kansa. A yawancin ƙauyukan Jigawa da na yi aiki, dish ne mafita, da dikoda mai DVB-S2. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce leƙa gidan maƙwabcin da ya riga ka ɗaurawa, ka ga abin da yake kamawa da rana da kuma da dare.

Idan na ƙasa ne, a sayi eriyar waje mai ƙashin kifi, a juya hancinta wajen tashar. Ta cikin ɗaki ba ta da amfani ƙarƙashin rufin kwano. Busta kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ina shakkar yawancin waɗanda ake sayarwa. Ba ta ƙirƙiro sigina, abin da ta tarar shi take ƙarawa har da hayaniyarsa, kuma tana aiki ne idan an ɗaura ta can sama kusa da eriya. Tashoshin yanzu suna zaune tsakanin megahaz 470 da 694, abin da ke sama da haka an ba kamfanonin waya, to idan akwai turken sabis kusa da gidanka busta maras tacewa za ta jawo maka shi cikin talabijin.

Yanzu ga wayar. Idan ka yanka ta za ka ga zare ɗaya a tsakiya, farin kumfa ya kewaye shi, sai takardar alminiyam, sai saƙa, sai rigar roba. Ta talabijin da dish om 75 ce (om ma'aunin lantarki ne da ake rarrabe wayoyin eriya da shi), kuma iri uku ake samu: RG59, RG6 da RG11. Kowace waya tana shan wani abu daga siginar da ke bi ta cikinta, bambancin yawan shan ne. A megahaz ɗin da tashoshin ƙasa ke kai, RG59 tana cinye rabin sigina idan tsawonta ya kai wajen mita 14, RG6 a wajen mita 18, RG11 kuma sai ta kusa mita 30. Ɗauki gidan kallon ƙwallo da ya ja waya mita 40 daga bututu zuwa rumfa. Da RG59 kashi ɗaya cikin bakwai ne zai isa dikoda, da RG6 kashi ɗaya cikin biyar, da RG11 fiye da sulusi. Wannan tazarar ita ce tsakanin hoton da ke tafiya da wanda ke tsayawa ana tsakiyar wasa, 'yan kallo suna neman a mayar musu da kuɗinsu.

A ganina gida na yau da kullum RG6 ta ishe shi, muddin jan bai wuce mita 25 zuwa 30 ba. RG59 a bar wa kyamarar tsaro da ɗan gajeren haɗi a bayan talabijin. RG11 tana da kauri da tsada, ba ta lanƙwasuwa da sauƙi, kuma kawunan haɗinta daban ne, sai makaranta ko gidan kallo ko gidan gandu da za a ja waya daga wannan sashe zuwa wancan.

Amma rubutun RG6 a jikin waya ba shaida ba ne. Ni idan zan shiga kasuwa ina tafiya da maganaɗisu da reza. Idan maganaɗisu ya kama zaren tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ga eriyar ƙasa wannan ba babban laifi ba ne, domin sigina a fatar zaren take gudu. Ga dish kuwa akwai matsala, saboda dikoda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa LNB, wato 'yar na'urar karɓar sigina da ke bakin dish, kuma da wannan bambancin wutar take zaɓar rukunin tashoshin da za ta kama. Ƙarfe ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe. Idan jan ya yi tsawo sai 18 ɗin ta kasa isa, rabin tashoshi su ɓace, a yi ta zargin dikoda. Ga shi kuma siginar dish tana bin wayar a megahaz 950 zuwa 2150, inda shan ya fi yawa. Da rezar nake buɗe rigar in duba saƙar. Kasancewarta ta alminiyam ba aibu ba ne, wayoyi masu kyau da yawa haka suke. Abin gudu shi ne saƙa mai 'yan silili kamar gashin masara, wadda kana ganin takardar ta cikinta ko'ina. A zaɓi baƙar riga don waje, domin fara rana ce ke busar da ita ta tsattsage, ruwa ya shiga, saƙar ta ruɓe. A tambaya kuma da yadi ake aunawa ko da mita, tunda yadi 100 bai wuce mita 91 da ɗan ɗori ba.

Kan haɗi na matsewa ya fi na murɗawa nesa ba kusa ba. A naɗe na waje da tef mai narkewa ya haɗe jikinsa, a bar wayar ta ɗan sauko ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Kada a yi mata ƙari a tsakiya da salatif. Mai son talabijin biyu ya sani cewa abin raba sigina gida biyu yana barin kowane ɓangare da ƙasa da rabi. A dish ma bai dace ba sam, LNB mai baki biyu ake saya, kowace dikoda da wayarta.

Akwai wata tambayar da ta fara zuwa mini a 'yan shekarun nan. Shugaban 'yan sintirin wani gari ya same ni da oba-oba guda shida irin Baofeng UV-5R, ya ce, "Malam, daga bakin kasuwa zuwa fadama ba ma jin juna, an ce mu sayi rifita." Rifita na'ura ce da ake ɗora eriyarta a wuri mai tsawo, tana karɓar magana a wata mita tana sake watsa ta nan take a wata. Masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai, waɗanda a Najeriya lambar kiransu ke farawa da 5N, suna amfani da ita a megahaz 144 zuwa 146, da tazarar kilohaz 600 tsakanin karɓa da watsawa, da kuma a 430 zuwa 440. Sai dai waɗannan mitocin na masu lasisin sha'awa ne, ba na sintiri ko kasuwanci ba. Ƙungiyar da ke son rifita sai ta nemi izini da mitar kanta daga hukumomin sadarwa na tarayya kafin ta kashe ko kwabo, domin na'urar da tacewarta duk a kan mitar da aka ba ka ake saita su.

Na ce masa, "Shugaba, mu fara gwada abu mai arha." Babban oba-oba guda irin wanda ake ɗaurawa a mota, wato rediyon mota, a ofishinsu, da eriya a kan bututu mai tsawo, sau da yawa yana jin kowa, mai gadin ofis ya riƙa isar da saƙo. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai naɗar magana ta maimaita ta a mita ɗaya bayan ka yi shiru. Tana da arha, ba ta buƙatar tacewa, amma kowace magana sau biyu ake jin ta, kuma a lokacin gaggawa wannan jinkirin yana da ciwo. Sama da ita akwai haɗa rediyon mota biyu, ɗaya na karɓa ɗaya na watsawa. Yana aiki, sai dai ba a ƙera su don doguwar watsawa ba, kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana gama da su idan ba a rage ƙarfinsu an sa fanka ba. Rifita ta ainihi, irin Yaesu DR-2X ta 'yan sha'awa ko Motorola SLR 5500 ta ma'aikatu, an yi ta ne don ta kwana tana aiki. Mai wat 50 tana jan wajen amfiya 10 ko fiye a lokacin watsawa, sai a lissafa sola da batir da wannan.

Kuɗin rifita ba a akwatin yake ƙarewa ba. Idan eriya ɗaya za ta karɓa ta kuma watsa a lokaci guda, dole sai da dufleksa, wato gwangwanayen tacewa da ke hana muryar na'urar toshe kunnenta. A tazarar kilohaz 600 manya ne, huɗu ko shida, kuma sai mai kayan awo ya saita su. A nan ma wayar ce ke yanke hukunci, kuma om 50 ake buƙata, kada wanda ya ɗauko ragowar RG6 ta dish. A megahaz 145, RG58 tana shanye rabin ƙarfi a wajen mita 15, RG213 sai ta haura mita 30, LMR-400 kuma wajen mita 60. Duk da haka ba na ba mai rifita shawarar LMR-400. A cikinta saƙar jan ƙarfe ce kwance a kan takardar alminiyam, idan ta kwana biyu iska tana kaɗa ta, ƙarafan biyu suna haifar da ƙarar da ke shiga kunnen rifita daidai lokacin da take watsawa. Ga rediyon ofis mai karɓa da watsawa bi-da-bi, waya ce mai kyau ƙwarai. Ga rifita a nemi mai rigar jan ƙarfe zalla, irin Heliax ta rabin inci, wadda sai ta wuce mita 100 kafin ta ci rabi, a yi gajerun haɗin dufleksa da RG214 mai saƙa biyu. Masu aikin turakun sabis sun san ta, wani lokaci ana samun guntayenta a hannunsu, amma a duba bakin ko ruwa ya taɓa shiga.

Duk wanda ya ɗaga ƙarfe ya fi rufin unguwa tsawo, ko na talabijin ne ko na oba-oba, ya tuna da tsawa. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai danshi kusa da gindin bututun, a haɗa su da waya mai kauri gajeriya ba lanƙwasa, a sa abin kare tsawa a inda wayar eriya za ta shiga ɗaki. A nisanta bututun daga wayar lantarki ta yadda ko ya faɗi ba zai taɓa ta ba. Idan hadari ya haɗo daga gabas, a zare wayar daga bayan dikoda.

Shi kuwa Kawu, da igiya muka auna daga inda dish ɗin zai zauna zuwa ɗakinsa, muka samu mita 17. Ranar kasuwar Wudil na sayo masa mita 20 na baƙar RG6 wadda maganaɗisu bai kama ba, da kawunan matsewa guda huɗu, biyu na aiki biyu na ajiya.