Kare Mai Jinin Kerkeci Ko Karen Aiki: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi A Saudiyya

A 'yan shekarun nan ana yawan cin karo da tallar 'yan kwikwiyo a shafukan saye da sayarwa na intanet da kuma Snapchat da TikTok, inda mai talla zai rubuta da Larabci cewa "hajin zi'ib" ne, wato ruwa-biyu tsakanin kare da kerkeci. Wasu daga cikin samarinmu na Makka da Jidda da Riyad, musamman masu istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari da masu kula da gona ko garken awaki, sukan ɗauka cewa babu abin da ya kai wannan dabba iya gadi, domin a ganinsu ta haɗa biyayyar kare da ƙarfin naman daji. Wannan zato shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya ajiye gefe, saboda gwargwadon yawan jinin kerkeci a jikin dabbar, gwargwadon raguwar amfaninta ga mai gida.

Yana da kyau a fara daidaita suna. Abin da Bahaushen gida ke kira kerkeci a dajinmu karen daji ne mai dabbare-dabbaren jiki da faffaɗan kunne, kuma shi ba ya barbara da karen gida. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne zi'ib na Larabawa, wanda aka ambata a Suratu Yusuf, kuma da kalmar kerkeci malamanmu ke fassara shi. Shi da kare 'yan uwa ne na kusa ƙwarai, kowannensu yana da ƙullin gado 78 a ƙwayar halittarsa, kuma abin da suka haifa shi ma yana haihuwa, saɓanin alfadari. Barbarar yanyawa da Hausawa ke faɗa salon magana ne kawai, amma ta kerkeci da kare tana faruwa da gaske.

Zaɓi na farko da ke gaban mai saye shi ne ruwa-biyu na kusa, wanda masu kiwo ke yi wa laƙabi da F1 idan ɗaya daga cikin iyayensa kerkeci ne tsantsa, ko F2 idan jika ne. Yana ɗan kwikwiyo ba ya nuna wata matsala, yana wasa yana bin mutum kamar kowane kare, kuma a wannan lokacin ne ake ɗaukar hotunan talla. Halinsa na gaskiya yana fitowa ne idan ya balaga. Kare yakan balaga tun kafin ya cika shekara, shi kuwa kerkeci sai wajen shekara biyu ko fiye, kuma a nan ne mai shi zai fara ganin dabbar da ya rena da hannunsa tana gwada ƙarfinta a kansa, tana hana a kusanci abincinta, tana haƙa rami a gindin katanga. Abin da ya fi wahala shi ne babu mai iya faɗin yadda gadon zai rabu, domin a ciki ɗaya ana iya samun wani ya ɗauko halin kare, ɗan uwansa kuma ya ɗauko na daji.

Batun gadi kuwa, a nan ne mai saye ya fi yin asara. Kerkeci ya rayu dubban shekaru ne ta hanyar gudun ɗan Adam, saboda haka idan baƙo ya shigo, ɗabi'arsa ita ce ya ɓuya, kuma ba ya yawan haushi, kuka yake yi mai tsawo wanda zai tashi unguwa cikin dare ba tare da ya nuna ɓarawo ba. Idan aka ƙure shi a lungu yakan yi cizo saboda tsoro. A gefe guda kuma, duk abin da ya ruga da gudu ko ya yi ƙara, ɗan akuya ne ko kyanwa ko yaro ƙarami, yana iya tayar masa da sha'awar farauta. Gidajenmu kuwa an san su da yara da baƙi da 'yan uwa masu shiga da fita, balle a lokacin Umra da Hajji.

Wurin ajiye shi ma ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Masu kula da irin waɗannan dabbobi a Amurka sukan ba da shawarar shinge mai tsayin kusan mita 2.5, wanda samansa ya lanƙwaso ciki, a kuma binne waya ko a zuba kankare a gindinsa saboda haƙa, da ƙofa biyu a jere don kada ya kufce yayin da ake shiga. Abincinsa ɗanyen nama ne da ƙashi, kilo 1 zuwa 2 a yini, wato kilo 30 zuwa 60 a wata, kuma yana iya rayuwa shekara 12 ko fiye. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa kare yana da kwafi da yawa na ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen narkar da abinci mai sitaci, yayin da kerkeci ke da biyu kacal, shi ya sa ragowar shinkafar kabsa da za ta riƙe karen gida ba za ta riƙe shi ba. Akwai kuma matsalar allurar riga-kafin ciwon haukan kare: a Amurka, inda aka fi kiwon irinsu, hukuma ba ta amince da wata allura a matsayin wadda aka tabbatar wa ruwa-biyun kerkeci ba, don haka idan ya ciji mutum ana iya ɗaukarsa tamkar wanda ba a taɓa yi wa allura ba.

Duk wannan kafin a zo kan doka ke nan. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji a 1996, kerkeci yana cikin dabbobin da yarjejeniyar ta ƙayyade cinikinsu, kuma ƙa'idarta tana ɗaukar ruwa-biyun da ke da kakan daji a cikin zuriya huɗu na baya tamkar naman dajin. Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ta sha nanata cewa ajiye dabbobi masu farauta a gida saɓa doka ne, musamman bayan da zaki ya kashe mai kiwonsa a Riyad a 2021, kuma dokar muhalli ta ƙasar ta tanadi hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30 a kan manyan laifuffuka irin su cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Wanda aka kawo wa ɗan kwikwiyo aka ce daga duwatsun Asir ko Hijaz aka ɗauko shi, ya sani cewa kerkecin Larabawa ake nufi, ɗan ƙarami mai nauyin kusan kilo 20, kuma dabba ce da doka ta ba kariya. Ga mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, shiga irin wannan shari'a tana iya taɓa zamansa da na iyalinsa gaba ɗaya.

Zaɓi na biyu shi ne nau'o'i biyu da aka daɗe ana tacewa har hukumomin rajistar karnuka suka karɓe su a matsayin karnuka. Na farko shi ne na Cekoslobakiya, wanda aka fara a 1955 ta hanyar haɗa karen Jamus da kerkecin duwatsun Karfatiya domin aikin tsaron iyaka, aka kuma amince da shi a ƙasarsa a 1982. Na biyu shi ne Sarlos na ƙasar Holan, mai ɗauke da sunan mutumin da ya fara haɗa shi a shekarun 1930, wanda aka yi wa rajista a 1975. Waɗannan sun fi ruwa-biyu na kusa sauƙin hasashen hali, suna da takardar asali da za a iya bi, kuma suna cin abincin kare. Sai dai Sarlos ya shahara da jin kunyar baƙo da ja da baya, shi ya sa bai yi nasara a aikin da mai shi ya so masa ba, na Cekoslobakiya kuma yana da kuzarin da sai an fita da shi tafiya mai nisa kullum, ga shi ba mai yawan haushi ba ne. Ƙasar Norwe ta haramta na Cekoslobakiyan ɗungurungum. Dukansu biyu gashinsu na ƙasar sanyi ne, kuma a garin da zafi ke haura digiri 45 a tsakiyar bazara kamar Makka da Riyad, ko mai gumi kamar Jidda, rayuwarsu za ta koma ɗaki mai na'urar sanyaya wuri tun daga hantsi har magariba. Mazaunin Abha ko Ɗa'ifa yana da ɗan sauƙi, amma shi ma sai ya samu izinin shigowa da kare daga Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, wadda ke duba nau'in karen da dalilin shigo da shi.

Zaɓi na uku shi ne wanda mutane da yawa ke saye ba tare da sun sani ba, wato kare tsantsa mai kama da kerkeci, kamar Haski na Saiberiya ko Malamut na Alaska ko haɗinsu da karen Jamus, a ɗora masa sunan "hajin" a ninka kuɗinsa. Ruɗanin ya daɗe, domin a Ingila an taɓa kiran karen Jamus da sunan da ke jingina shi ga kerkeci, kuma har yau Misirawa "wulf" suke ce masa. Akwai alamomin da ke tona asiri. Babban kerkeci ba shi da shuɗin ido, nasa rawaya ne ko ruwan zuma. Wutsiyarsa a miƙe take tana reto, ba ta naɗewa a kan gadon baya. Ƙirjinsa siriri ne, ƙafafunsa dogaye, dagin manya, kuma launin fuskarsa a cakuɗe yake, ba shi da farin zane mai kaifin iyaka irin na Haski. Sannan kerkecin ƙasashen arewa sau ɗaya yake haihuwa a shekara, tsakanin Maris da Mayu, don haka ɗan kwikwiyon da aka ce kusan kerkeci ne tsantsa amma an haife shi a Oktoba, maganar dillalin tana da gyara. Gwajin ƙwayoyin gado shi ne ke raba gardama, kuma ɗakin binciken dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis yana da gwajin da ke gano jinin kerkeci a cikin zuriya uku na baya. A ganina wanda aka yaudara da Haski ya fi wanda aka sayar wa na gaske sa'a, ko da yake shi ma ya ɗauko karen da ke wahala da zafi, mai son tsere, kuma mai yi wa ɓarawo maraba da wutsiya.

Akwai ma'aunin da Musulmi ba zai tsallake ba. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya daga ladansa kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata. Dabbar da ba ta farauta da umarni, ba ta tsaron garke, ba ta gadi, da wuya ta shiga cikin wannan rangwame. Shi kansa cinikin kare akwai hadisin hani a kan kuɗinsa. Hambaliyya, wadda ta fi rinjaye a nan ƙasar, da Shafi'iyya sun hana, Hanafiyya ta halatta, a Malikiyya kuma da akasarinmu muka taso a kanta akwai saɓani, inda Sahnun yake cikin masu halatta sayar da karen da aka yi izinin riƙewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Badawiyyai suka saba bayar da Saluki, karen farautarsu, kyauta maimakon sayarwa, kuma ya dace mutum ya tuntuɓi malaminsa kafin ya miƙa kuɗi.

Idan aikin farauta ne, a inda doka ta ba da izini kuma a lokacin da ta ba da, Saluki ba shi da abokin takara a wannan ƙasa. Ɗan nan ne, siriri mai gajeren gashi, yana jure zafi, gudunsa yana haura kilomita 60 a sa'a, kuma yana cikin karnukan da suka fi iya narkar da abincin hatsi. Aibinsa shi ne ba mai gadi ba ne, kuma idan ya hango zomo ba ya jin kira, don haka shi ma yana buƙatar fili mai shinge.

Mai garke kuwa ya dubi Kangal na yankin Siwas a Turkiyya, wanda namijinsa ke kai kilo 50 zuwa 60, kuma aikin da aka san shi da shi tun asali shi ne kore kerkeci daga tumaki. Tun 1994 ake amfani da shi da danginsa na Anatoliya a Namibiya don kare awaki daga namun daji, abin da ke nuna cewa yana iya aiki a ƙasa mai zafi idan akwai inuwa da ruwa. Sharaɗinsa shi ne ya taso a cikin garken tun yana da kimanin mako takwas, ya ɗauki awakin a matsayin danginsa. Wanda aka rena a tsakar gida ana shafa masa kai, sannan aka kai shi gona yana babba, ba zai zauna da dabbobi ba. Karen gargajiya na makiyayan ƙasar nan ma bai kamata a yi masa kallon raini ba, domin ya fi kowa sanin yanayin, ga yawan haushi, ga ƙarancin ciwo, kuma sau da yawa kyauta ake samunsa. Don gadin gona ko istiraha, karen Jamus yana da sauƙin horo amma ana duba ƙugun iyayensa saboda ciwon gaɓar ƙugu da ke bin jininsu, Malinuwa na Beljiyam kuma ya fi shi gajeren gashi da jure aiki, sai dai ba na ɗan koyo ba ne, idan bai samu abin yi ba kayan gida zai koma ci.

Ko wanne aka zaɓa, kada a yi cinikin biri a sama. A je a ga uwar da idon kai, a lura ko tana zuwa wurin baƙo ko tana lafewa a bango, a karɓi katin allura mai hatimin likitan dabbobi, a sa likita ya karanta lambar 'yar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fata idan an ce daga waje aka shigo da shi, a kuma ƙi karɓar ɗan kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Mai zama a gidan haya ya nemi yardar mai gida tun kafin ya ɗauko, wanda kuma yake da niyyar komawa Kano ko Damagaram nan da 'yan shekaru ya lissafa wa zai karɓi dabbar ranar da zai tafi.

Wanda ya riga ya saya kuma ya fara ganin alamun da aka ambata, ya raba dabbar da yara nan take, ya kai ta wurin likitan dabbobi, sannan ya tuntuɓi Cibiyar Kula da Namun Daji domin miƙa ta. Kai ta sahara a saki, kamar yadda wasu ke yi idan sun gaji, yana jefa garken makiyaya cikin haɗari, kuma barbara da karnukan da aka watsar na daga cikin abubuwan da ke gurɓata jinin ɗan abin da ya rage na kerkecin Larabawa a duwatsun Asir da Hijaz.