Kafin ka sayi kyamara ko makunni mai wayo, ta ina zai sha wuta?

Wutar da ke cikin bango bolt 120 ce ko 230, gwargwadon ƙasa, alhali yawancin ƙananan na'urorin gida bolt 5, 12 ko 24 suke sha. Don haka tun kafin kyan na'ura ya ja ka, san hanyar da wuta za ta isa gare ta.

Adafta a soket ita ce mafi arha, kuma ba sai an kira mai wayarin ba. Aibinta nisa. Ƙaramar wuta tana zubewa a doguwar waya, balle bolt 5 ta USB. Shi ya sa za ka ga kyamara lafiya lau da rana, amma da dare, da zarar fitilunta na ganin duhu sun kama, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. In dole sai an ja nesa, gara mai bolt 24 da waya mai kauri.

A ganina, ga kyamara babu kamar PoE, inda wayar intanet ɗaya ke ɗauko bayanai da wuta tare. Da kusan bolt 48 take aiki, tana kai mita 100. Ƙa'idar PoE ta 2003 wat 15.4 take bayarwa, ta 2009 wat 30, ta 2018 har 90, saboda haka gwada abin da kyamararka ke ci da abin da akwatin rabon, wato wanda wayoyin kyamarorin ke shiga su sha wuta, zai iya. Wani daɗin kuma, duk kyamarorin daga wuri ɗaya suke sha. Ka jona akwatin da batir, ko an ɗauke wuta suna aiki. Sai dai wayar ta zama tagulla zalla. Mai tambarin CCA alminiyum ce aka lulluɓe da tagulla, tana zafi, tana cinye wuta a hanya.

Ƙararrawar ƙofa mai kyamara kan iya hawa kan wayar tsohuwar ƙararrawa, amma da yawa bolt 16 zuwa 24 suke so, sai an duba ƙaramar taransifomar da ke ba ƙararrawar wuta.

Makunni mai wayo kuwa, wato na fitila da ake sarrafawa daga wayar salula, tambayar ɗaya ce: akwai wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, a ramin makunnin? Tsofaffin gidaje da dama babu. Akwai makunnan da ba sa buƙatarta, amma ta cikin ƙwan fitila suke satar wutarsu, sai ƙaramin ƙwan LED ya riƙa ƙyaftawa ko bayan an kashe. Buɗe ramin nan aikin ƙwararre ne. In ya zo, gaya masa kada ya cusa wayar ƙaramar wuta da ta babba a bututu ɗaya.